Ba Makonta Ba Ne

Da sassafe aka tara mu a gaban bangon gidan burodi, mu matan layin, kowacce da bokitinta da buroshi. Sanyi na cin yatsu, ruwan bokitin har ya fara yin ɓawon ƙanƙara. A jikin bangon an rubuta da baƙar kwalta, da manyan haruffa: YA ISA HAKA. Kowa ya san abin da ya isa. A hunturun nan na shekarar 1943, da wuya ka sami gida a unguwarmu ta birnin Kolon da mugun labari bai shigo masa daga fagen yaƙin Rasha ba. Amma duk muka sunkuyar da kai kamar ba mu iya karatu ba.

Malam Krings, wakilin jam'iyyar Nazi a layinmu, shi ke tsaye a kanmu yana ba da umarni. Kafin zuwan wannan mulki dakon kwal yake yi a amalanke, in ya gaishe ka sai ka ga dama ka amsa. Tun da aka ɗaura masa jan ƙyalle a dantse aka damƙa masa makullan ɗakunan ƙasa na gidajen layin, ko tari ya yi sai mutane sun gyara tsayuwa. Gida ɗaya muke haya da shi, shi da matarsa Agata a hawa na farko, mu, ni Tilla da iyalan yayana, a na uku.

Duk cikinmu babu wadda ta kai Sibilla, matar yayana, durzar bangon nan. Ba son jam'iyya ya sa ta ba. Sibilla dai ba ta iya ganin datti ta wuce, ko da a bangon maƙiyinta yake. Tana durzawa tana mita ƙasa-ƙasa, wai 'ya'yan da ba su san darajar iyayensu ba ne ke wannan aiki, su yi ɓarnarsu su je su kwanta, a bar tsofaffi da wanki. Na ce mata ta sassauta kada ta huda wa mai burodi bango. Sabulu bai taɓa cire kwalta ba, ita ma ta sani, don marigayi mijinta Hubert aikin rufin gidaje yake yi, ta sha fama da kayan aikinsa. Da rana ta ɗaga, Krings ya gaji da kallonmu, ya sa aka kawo manyan hotunan Jagora, shugaban jam'iyya da ƙasa, aka lulluɓe rubutun, ya sallame mu.

Muna hawa matakalar gidanmu na ga ɗigon farko. Baƙi ne, bai fi ƙwayar wake ba, a gefen mataki. Sama da shi ga wani, sai kuma shatin tafin takalmi a kwanar hawa na biyu. Da muka sauka da asuba ba mu gan su ba, don tun farkon yaƙi aka shafe fitilar matakalar da shuɗin fenti saboda jiragen sama. Sibilla na gabana, na ga bayanta ya sandare. Muka yi ta bin ɗigon da ido har bakin ƙofarmu.

A gidan Sibilla ba a shiga da takalmi. Ko limamin coci ne ya zo ziyara, a bakin ƙofa zai tuɓe. Da wannan 'ya'yanta suka tashi har ya zame musu jiki, ba sa ma sanin sun yi. To ga takalman 'yarta Marlis nan an jera su tsaf a kan abin goge ƙafa, kai da kai, duk gefensu kwalta. Yarinyar da ta zille wa masu sintiri, ta yi rubutu a bango ta dawo gida ba wanda ya gan ta, ita ce ta tuɓe takalmanta ta ajiye a waje kamar yadda uwarta ta koya mata.

* * *

Muka same ta a kicin tana shan ruwan zafin nan da muke kira kofi don mu yaudari kanmu, littafi buɗe a gabanta. Karatun likita take yi a jami'a, da yamma kuma a tura su asibitin sojoji su taya ɗaure raunuka. Sibilla ta dire takalman a kan teburin cin abinci, abin da ban taɓa zaton zan gani ba a rayuwata.

"Ce mini ba ke ba ce," in ji Sibilla.

Marlis ta dubi takalman, fuskarta ta yi fari fat. Ta rufe littafin a hankali. "Ni ce, Mama."

Ba ta ɓoye komai ba sai sunayen abokanta. Ta ce su 'yan kaɗan ne a jami'a, kwaltar kuma ragowar ta babanta ce da ke cikin gwangwani a ɗakin ƙasa. Ta ce a asibiti akwai samari sa'o'inta, wasu ba ƙafa, wasu sanyi ya cinye musu yatsu, in zazzaɓi ya kama su sai su yi ta sambatu suna faɗin abin da aka sa su yi wa mutanen ƙauyuka can gabas, da ramukan da aka sa su cike. Da safe kuma malamai su shigo aji su ɗaga hannu su yi gaisuwar jam'iyya, a buɗe littafi a ci gaba da koyon yadda ake ceton rai.

"Kowa ya sani, Mama. Ke kin sani, Goggo ta sani, mai burodi ya sani. An kwashe Yahudawan da ke hawa na biyu, kika ce mini ƙaura suka yi. Wa ke yin ƙaura ya bar tukunya a kan wuta?"

"Na ba su yayanki Alfons," Sibilla ta ce, muryarta ba ta ko rawa. "Ban ma ba su ba, ɗauka suka yi, suka binne shi a inda ban sani ba. Ke kaɗai kika rage mini, shi ne za ki kai musu wuyanki da ƙafarki, saboda kalma uku a bangon mai burodi?"

Ni dai ina tsaye jikin murhu, rabin zuciyata na son in kwaɗa wa yarinyar nan mari, rabi na son in rungume ta. Na daɗe ban yi alfahari da jinina irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin nasa ba. Mun san ana sare wa mutane kai a kan abin da bai kai wannan ba.

Ƙona takalman ba zai yiwu ba, ƙaurin fata zai bi bututun hayaƙi ya gaishe da kowane maƙwabci. Sai na cusa su a kwandon cefane, na rufe da ganyen kabeji, na ce zan je in jefa su cikin kufan gidajen da bom ya rushe, inda nawa gidan ma yake kafin in dawo wajensu da zama. Kafin in fita na ja Sibilla gefe na gargaɗe ta kada ta taɓa matakalar nan. Ɗigon ƙanana ne, fitilar ba haske, ƙafafun mutanen gida za su murje su kafin Asabar. Ta gyaɗa mini kai, ashe da bango nake magana.

A gidajen haya irin namu wankin matakala bi da bi ne. Akwai ɗan allon katako da ake ratayawa a ƙofar wadda makon ya faɗo kanta, ranar Asabar ta wanke daga sama har ƙasa ta miƙa allon gaba. Dokar nan ta girmi jam'iyya, ta girmi Jagora. In ba ki wanke a makonki ba kin zama ƙazama, in kuwa kika wanke a makon wata, to kin zage ta ne a bainar jama'a. A makon nan allon na rataye a ƙofar Agata, ranar kuma Laraba ce. Ita da Sibilla sun yi shekaru suna 'yar tsama a kan wadda ba ta kai tsumma cikin kusurwa.

Ina dawowa na tarar da Sibilla durƙushe a hawa na farko. Ta gama na sama duka, saura 'yan matakai. Kusa da gwiwarta ga ɗan faranti da man shanun da aka raba mana na makon gaba ɗaya, tana lakata da tsumma tana murza wa katako, don mai ne kaɗai ke narkar da kwalta. Ba na ganin laifinta. Ta zauna a sama tana jin kowane takun ƙafa a matakalar kamar a ƙirjinta ake takawa, hannayenta kuma ba su san wani maganin tashin hankali ba sai wanki. Ban kai ga buɗe baki ba ƙofar Agata ta buɗe.

"A'a, sannu da ƙoƙari, uwar masu tsafta," in ji Agata, ta riƙe ƙugu. "Idona ne ya lalace, ko allon nan a ƙofata yake? Wato ƙazantata ta kai ba za ki iya jiran Asabar ba, sai kin zo har bakin ƙofata kin nuna wa duniya."

Da wata rana ce, da Sibilla ta mayar mata har sai gidan ya ɗauka. Ranar kuwa sai ta ɗago kai ta ce Agata ta yi haƙuri, miya ta zubar tana hawa, ba ta son wani ya zame. Haƙurin nan da ta bayar shi ya fi komai tsaya wa Agata a rai, don tun da suke ba ta taɓa jin kalmar a bakinta ba. Ta sunkuyo, ta dangwali tsumman da yatsa ta kai hanci.

"Man shanu? Sibilla, man shanu kike shafa wa matakala? Mu nan muna lasar takardar da aka naɗo shi, ke kina ciyar da katako?"

Agata ba muguwa ba ce, zan faɗi wannan ko da zuciyata ba ta so. Baki gare ta, ga shi ta sami labarin da ya fi ƙarfin cikinta. Idonta ma ba ya gani sosai, da an bar ɗigon nan da ba ta taɓa lura da su ba. Kafin la'asar ta ba da labarin a layin karɓar madara, ta ba wa mai aski, ta kuma ba wa mijinta a kan abincin rana har da kwaikwayon yadda Sibilla ke durƙuso. Kowa ya yi dariya ban da Krings. Jim kaɗan muka ji ƙarar makullansa yana sauka ɗakin ƙasa.

* * *

Muka sa wa Marlis takalmana, Sibilla ta cusa mata burodi a jaka, ta ce ta kama hanyar ƙauyen danginmu da ke cikin duwatsu, kada ta kuskura ta waiwayo. Marlis ta ce dole ta fara sanar da abokanta. Ta kuma ce in ta gudu uwarta za su ɗauka a madadinta, haka suke yi. Sibilla ta ce su ɗauka mana, me za su yi da tsohuwa. Ta nemi yarinyar ta rantse mata ba za ta dawo ba. Marlis ta sumbaci goshinta ta fita, ni kuwa na lura ba ta rantse ba.

Daga nan muka sauka wajen Krings. Gwangwanin na kan teburinsa, murfin a buɗe, buroshin da ke ciki bai ko bushe ba. Sibilla, wadda ban taɓa gani ta rusuna wa kowa ba sai a coci, ta zube a gabansa ta kama ƙafar wandonsa.

"Malam Krings, da kafaɗarka aka ɗauki akwatin gawar Hubert. Gwangwani ne kawai. Ka jefa shi a kogi, ni kuwa in zame muku baiwa har in mutu."

Gumi ya keto masa duk da sanyin da ake yi. Ya kasa kallonta, sai taga yake kallo.

"Maman Marlis, da ni kaɗai na sani da wani zance ne. Layin nan kaf an ji labarin man shanu. Kina tsammani ni kaɗai na san abin da mai ke cirewa? In ban kai rahoto ba, gobe wani zai kai, ya haɗa da sunana. Ni ma akwai masu sa mini ido."

Agata na rakuɓe a kusurwa, ta toshe baki da gefen rigarta. Ta ce ita fa zancen mai kawai ta yi. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa, ba wanda ya dube ta. Ni da bakina ba ya shiru, ranar na haɗiye abin da ke cikinsa har ya yi mini ɗaci, don kalma ɗaya daga gare ni za ta iya ƙara wa yarinyar nan nauyi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya Krings ya faɗa. Haka suka mayar da mu, kowa na gadin kowa, wanda aka ba makulli ma a tsorace yake kwana. Ya ɗaga Sibilla, ya raka mu bakin ƙofa da ladabi, muna hawa muka ji ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari da hantsi suka zo, 'yan sandan ciki biyu cikin dogayen rigunan fata. Suka farke katifu, suka zazzage littattafai, suka tambayi inda Marlis take. Sibilla ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce ba sai sun wahalar da kansu ba, ita ta yi rubutun. Babban cikinsu ya dube ta daga sama har ƙasa, ya yi ɗan murmushi, ya tambaye ta wa ya ɗaga ta ta kai tsayin haruffan. Sai kuma ya ce ba komai, ta ɗauko rigar sanyinta, za ta zauna a wajensu har 'yarta ta tuna hanyar gida.

Sibilla ta ɗauko rigar da sauri, har na ga alamar sauƙi a fuskarta. Tana sa hannu ɗaya muka ji taku a matakala. Mun san takun, ni da ita. Ta yi kukan kura ta nufi ƙofa tana cewa, "Koma!" Ƙaramin ya tare ta da hannu ɗaya.

Marlis ta shigo, idanunta sun nuna ba ta yi barci ba. Ashe a gidan wata ƙawarta ta kwana, da safe ta zo ta tsaya a bakin layi, ta ga baƙar mota a ƙofar gidanmu.

"Ni kuke nema," ta ce. "Ku ƙyale ta, ita ba ta san komai ba sai wanki da guga." Ta juyo gare ni. "Goggo, zan tafi miki da takalmanki."

Na ce ta riƙe, dama sun matse ni. Shi ne kawai abin da na iya faɗa. Suka sa ta a tsakiya suka sauka da ita, duk ƙofofin gidan a rufe, amma na san bayan kowacce akwai kunne a manne.

* * *

Ba a barin kowa ya ga Marlis. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne a kai abinci sau ɗaya a mako, a miƙa ta wata 'yar taga a bangon gidan yari. Sibilla kan haɗa rabonta da nawa, ta goga dankali ta soya waina a ɗan kitsen da ta samu, ta naɗe a tsumma mai tsafta. Mu hau tarago, jirgin ƙasan cikin gari, mu je mu shiga layi da wasu matan irinmu, ba mai kallon fuskar wata. Mai gadi ya karɓa, ya caccaka da waya ko an ɓoye wani abu, ya tura ciki. Muddin ya karɓa mun san tana da rai, wannan kaɗai ne labarin da muke samu.

Wata rana wata mata da aka sako ta matso kusa da mu a layi, ta raɗa mana cewa ɗaki ɗaya suka zauna da Marlis. Ta ce an kumbura mata fuska, haƙoranta biyu sun fita, amma ba ta ba su sunan kowa ba. Na ji ƙirjina ya cika. Sibilla kuwa cewa ta yi, da haƙoran da suka rage za ta iya taunawa kuwa? Daga ranar ta riƙa yin wainar da laushi.

Lauyan da suka ba Marlis ya ce shari'ar ba ta kai lokacin da dankali ke ɗauka ya dahu ba. Hukuncin kisa ne, amma ana iya neman afuwa. Sibilla ta bi ofis-ofis har ƙafafunta suka kumbura. Ta tuna musu cewa ɗanta ya mutu yana yi musu yaƙi, suka ce ai shi ya sa abin kunyar ya fi girma. Ta roƙi limami, ta roƙi malaman jami'a, wasu suka ce ba su ma tuna da wata ɗaliba mai wannan suna ba. A layinmu kuwa mutane suka koma tsallaka titi in sun hango mu. Sibilla ta rame har zoben aurenta ya riƙa faɗuwa, amma ranar kai abinci ba ta taɓa wuce ta ba.

Ranar da zan faɗa muku sanyi ya riga ya tafi, itatuwa sun fara tofo. Da layi ya zo kanmu Sibilla ta faɗi sunan ta miƙa ƙunshin. Mai gadin ya shiga ciki, ya ɗan jima, ya dawo ya turo mana shi yadda yake, ko kwancewa bai yi ba.

"Ba ta nan."

Sibilla ta tambaye shi ko an canza mata wuri ne, in ya faɗa mata inda aka kai ta za ta bi, ko ina ne. Ya ce za a aiko mana da sanarwa gida, ya kira ta bayanmu. Matar da ke bayanmu ta kau da kai ta matso, ta rungume nata ƙunshin a ƙirji.

Ban san yadda muka kai tashar tarago ba. Muka zauna a kan benci, ƙunshin na kan cinyarta, har lokacin da sauran ɗuminsa. Na jira ta yi kuka in taya ta, ba ta yi ba. Tarago ya zo ya tsaya, ya gaji ya wuce. Can sai ta kwance tsumman, ta ɗauki waina ɗaya ta raba biyu ta miƙo mini rabi. A shekarar nan ba wanda ke zubar da abinci, kuma mun yi makonni muna kwana da yunwa don a sami abin soyawa. Na karɓa, muka ci. Ta daɗe tana taunawa tana kallon titi.

"Gishiri ya yi yawa, Tilla," ta ce. "Gara da ba a kai mata ba."

Ta sa hannu ta ɗauki ta biyu.